Baban Ramatu zai shiga aikin zuciya, ga ƙiba ga suga: a ɗage ko a yi?

Maman Ramatu (Aboabo): Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri da dogon rubutu, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Maganar Baban Ramatu ce. Tun bayan babbar Sallah yake kukan ƙirji, in ya taso daga kasuwar Kejetia a nan Kumasi zai hau tudun Roman Hill sai ya tsaya ya dafe, ya ce kamar an ɗora masa buhun masara. Mu duk mun ɗauka gyambon ciki ne. Da abin ya yi yawa aka tura mu Accra, aka zura masa siririn tiyo ta hannu aka ɗauki hoton jijiyoyin zuciyar. Dokta ya ce uku sun toshe, sai an buɗe ƙirji an yi masa baifas, wato a yi wa jini sabuwar hanya. An sa mana rana nan da sati shida.

Shekararsa 58, nauyinsa kilo 112, tsawonsa mita 1.72, kuma shekara tara yana fama da suga. A gabana dokta ya ce jikin nan nasa zai ƙara wa aikin wahala. Tun daga ranar gida ya rabu biyu. Yayansa ya ce kada a kuskura a taɓa shi sai ya zubar da kilo ashirin, ko da wata shida za a yi. Ƙanwarsu kuma ta ce mai jiki ai ya fi ramamme jure wuƙa. Shi kuwa ya yi wa abinci yaji, ruwan zafi da lemun tsami kawai yake sha tun shekaranjiya. Don Allah wanda ya san abin nan ya faɗa mini gaskiya, ko mai ɗaci ce.

Hajiya Magajiya (Yelwa): Wa'alaikumus salam. Sannu 'yata, Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa kaffara ne.

Ɗan Sawaba: Allah Ya sawwaƙe, Mma. Akwai wani shayin rage tumbi da ake sayarwa a Alabar, abokina ya sha, sati biyu wandonsa ya yi masa yawa. In kina so in kawo gobe.

Anti Nas (Asawase): Ɗan Sawaba, na san alheri kake nufi, amma don girman Allah kada ka kai. Yawancin irin shayin nan gudawa da fitsari suke sawa, ruwan jiki ne yake zubewa, kitsen yana nan. Tare da ruwan ake asarar gishirin fotasiyam, wanda bugun zuciya ya dogara da shi. Mai toshewar jijiya uku ba shi ne za a yi wa wannan gwaji ba.

Yaya Maman Ramatu, kafin komai: yau ɗin nan ya ci abinci. Mutum yana shan maganin suga kuma bai ci komai ba, sugan na iya faɗuwa ya sume. In kin ga yana gumi, hannu na rawa, magana na harɗewa, ki ba shi abu mai zaƙi nan take ku tafi asibiti. Ina bakin aiki, in na sauka zan yi miki bayani a tsanake.

Alhaji Mai Shanu (Tafo): Bari in ba ki labarina, 'yar'uwa, don ni an tsaga nawa ƙirjin. Shekara huɗu ke nan, a Indiya aka yi. Na tafi da kilo 120 da ɗoriya. Aikin kansa lafiya lau, kwana tara aka sallame ni, na dawo Kumasi ana ta barka. Sati na uku sai ƙasan ɗinkin ya fara ja, yana ɗan tsatso ruwa. Na ce gumi ne, don wurin daidai inda tumbina yake naɗewa ne. Na yi shiru kwana biyar saboda ba na son a ce kuɗin da aka kashe ya tashi a banza. Ranar da na yi tari na ji ƙashin ƙirjina ya yi ƙas, kamar an taka busasshen kara, ranar na san ba lafiya. Zazzaɓi ya rufe ni. Sai da aka sake buɗe wurin aka kwashe mugunya, aka maƙala mini wani inji mai tsotse ruwan miki, na yi sati bakwai a kwance. Wahalar da na sha a karo na biyu ta ninka ta farko. Ni dai da za a mayar da ni baya, da na rage jiki kafin in hau jirgi. Don haka ina ganin maganar yayansa ba ta banza ba ce.

Maman Ramatu: Innalillahi. Baba Alhaji, irin wannan fa nake tsoro. Sannunku da jiki.

Malam Sani Ticha (Asokore Mampong): Allah Ya ƙara lafiya, Alhaji. Amma ku bari in kawo wani gefen, don na zauna na karanta lokacin da aka yi wa surukina. An bi dubban mutanen da aka yi wa aikin nan a Amurka da Turai, sai aka ga abin mamaki: masu ɗan jiki da masu matsakaiciyar ƙiba ba su fi masu daidaitaccen jiki mutuwa bayan aiki ba, a wasu binciken ma sun fi su tsira. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne ramammu ƙwarai. Har jini ma, mai jiki bai cika buƙatar ƙari ba kamar siriri. To ashe ƙanwarsa ba ta yi ƙarya ba. Me zai sa mu tayar wa baiwar Allah hankali?

Alhaji Mai Shanu: Malam, ni ban karanta ba, amma tabon yana ƙirjina. Ka zo Tafo in ɗaga maka riga.

Malam Sani Ticha: Ban musa wahalarku ba, Alhaji, wallahi. Cewa na yi mutum ɗaya ba ya zama hujja a kan dubu.

Dokta (ɗan Nima): Salamu alaikum iyayena. Anti Nas ce ta ce in leƙo. Ni ɓangaren sa barci nake aiki, kuma ban duba Baban Ramatu ba, don haka maganar likitansa tana gaba da tawa.

Malam da Baba Alhaji, kowannenku ya riƙe ƙafa ɗaya ta gaskiyar. Abin da Malam ya karanta haka yake a rubuce. Sai dai ƙidayar waɗanda suka mutu daban, ƙidayar waɗanda suka sha wuya daban. Mai ƙiba yakan tsallake aikin, amma shi ya fi yawan haɗuwa da ruɓar miki, da daɗewa a kan injin numfashi, da rikicewar bugun zuciya, da taɓuwar ƙoda. Baba Alhaji yana cikin lissafin waɗanda suka rayu, sati bakwai ɗinsa ba su fito a wannan lissafin ba.

Sannan a duba su wane ne ramammun nan da ake kwatantawa da su. Da yawansu tsofaffi ne tukuf, ko mashaya taba, ko waɗanda wata cutar ta riga ta cinye. Mai ƙiba kuwa yakan zo teburin aiki da sauran shekarunsa, don ƙibar ta jawo masa ciwon da wuri. In ka gwada ɗan shekara 55 mai tumbi da ɗan 75 da ya ƙare, ka ga na farko ya tashi, ba kitsen za ka yi wa godiya ba.

Awon da ake amfani da shi, BMI, nauyi ne a raba da tsawo sau tsawo. Daga 25 an fara wuce kima, daga 30 ƙiba ce, daga 40 ta yi tsanani. Na Baban Ramatu ya kama kusan 38. Wancan sassaucin da Malam ya ambata ya fi bayyana a wajen masu 25 zuwa 30 da 'yan kai, yana kuma ɓacewa in aka doshi 40.

Malam Sani Ticha: Na karɓi gyaran shekaru, Dokta. Amma awon nan bai san tsoka da kitse ba. Mahauci mai ƙirar ƙarfi da mai zaman shago za su iya yin lamba ɗaya.

Dokta: Wannan gaskiya ne, Malam. Shi ya sa muke ƙarawa da tef ɗin tela a zagaya ciki daidai cibiya. Namiji in ya wuce santimita 102, mace 88, kitsen ciki ya yi yawa, kuma shi ne mai tafiya da suga da hawan jini.

Maman Ramatu: Dokta, ni dai tambayata ɗaya: a ɗage ko kada a ɗage?

Dokta: Mma, kada ku ɗage da kanku. Kilo ashirin ba ya zubewa lafiya a sati shida, aikin watanni ne masu yawa, kuma jijiya uku da suka toshe ba su yi alkawarin jira ba. Mutumin da tudu yake tsayar da shi ba zai iya motsa jikin da zai narkar da wannan kitsen ba sai an buɗe wa zuciyar hanya. Kun san baifas ɗin Nkawkaw, yadda mota take kewaye cunkoson cikin gari? Haka aikin yake. Ana ɗauko jijiya daga bayan ƙashin ƙirji, a ɗauko wata daga ƙafa, a ɗinka su gaba da inda ya toshe, jini ya bi sabuwar hanya. Tun 1967 da René Favaloro, likita ɗan Ajantina, ya kafa wannan hanya a Cleveland ake yin sa, kuma masu ƙiba ba baƙi ba ne a teburin.

Yunwar da yake yi wa kansa kuwa ɓarna ce. Tsoka ce take fara tafiya, ita kuma ake buƙata ya yi tari da ita, ya tashi zaune da ita. Miki ma da abinci mai gina jiki yake haɗewa. In kilo uku ko huɗu suka sauka saboda ya bar lemon kwalba ya rage tuwo, madalla. Amma abin da za a kora a sati shidan nan suga ne.

In ciwon ƙirjin ya fara zuwa yana zaune ko yana kwance, ko ya ƙi lafawa bayan ya huta, kada ku jira ranar da aka sa, ku nufi ɗakin gaggawa ko tsakar dare ne.

Anti Nas: Na sauka. Yaya, bari in faɗa miki abin da ya sami Baba Alhaji, don in kin gane dalili za ki san inda za ki sa ido.

Ana tsaga ƙashin tsakiyar ƙirji ne a tsaye, in an gama a ɗaure shi da wayar ƙarfe. Kafin ya haɗe sai sati shida zuwa takwas, wani ma har wata uku. Kitse ba shi da yawan jijiyoyin jini, ga shi da kauri, to jini da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba sa isa bakin mikin yadda ya kamata. Ga nauyin ƙirji da na ciki suna jan ɗinkin gefe da gefe, duk tari ɗaya wayar tana cin ƙashi. Ga gumi yana kwanciya a naɗin fata, kin dai san zafin garin nan. Jijiyar da ake ɗaukowa daga bayan ƙashin ita ce tun asali take ciyar da shi, shi ya sa ga mai ƙiba da suga likitoci da yawa ta hagu kawai suke ɗauka, su bar ta dama. Suga kuma in ya hau, sojojin jini sai su yi sanyi. Ruɓar da take kaiwa can ciki ba ta da yawa, kamar mutum ɗaya ko biyu cikin ɗari, amma ƙiba da suga in sun haɗu suna ninka ta. Kada kuma ki manta da ƙafar da aka ciri jijiya, ita ma tana ruɓa, musamman a cinya mai kauri.

Ki tambayi sakamakon gwajin HbA1c, wanda yake nuna yadda sugan ya kasance wata uku baya. Ana son ya kusanci 7. In ya yi sama sosai za su iya mayar da shi kan allurar insulin, kada ya ƙi. Mutanenmu suna ganin wanda aka sa wa insulin ya gama yawo, ba haka ba ne. Maganin tsinka jini kuma kada ya tsayar ko ya ci gaba bisa ra'ayinsa, su za su faɗa masa ranar da zai daina wanne. Yana shan taba?

Maman Ramatu: Ya bari tun da ya dawo Hajji. Goro dai ba ya rabuwa da shi.

Dokta: Alhamdu lillahi. Wata tambayar, Mma, kuma ke kaɗai za ki iya amsawa: yana minshari? Numfashinsa yana ɗaukewa cikin barci?

Maman Ramatu: Dokta kamar kana ɗakin. Minsharinsa har tsakar gida ake ji. Wani lokaci sai ya yi tsit, in ƙirga har goma sha, sannan ya ja da ƙarfi kamar wanda aka shaƙe. Da rana kuwa yana zaune a shago a Magazine, unguwar makanikai, barci yake ɗauke shi. Ban taɓa ɗauka ciwo ba ne.

Dokta: To wannan ki faɗa wa mai sa barcin da bakinki, ko bai tambaya ba. Kitsen wuya yana danne maƙogwaro in mutum ya yi barci, maganin barci da na kashe zafi kuma suna ƙara abin. In mun sani tun farko, shirin sa tiyon numfashi daban ne, awon magani daban, kuma akan tanadi injin da yake hura iska ta hanci bayan an cire tiyon. Tumbi ma in mutum ya kwanta rigingine yana tura huhu sama, ƙasan huhun ya manne, kaki ya taru, daga nan sai ciwon huhu. Shi ya sa za ki ga washegarin aiki an tashe shi zaune, an ba shi wani abin roba mai ƙwallaye yana zuƙa. Za ki ji tausayinsa, za ki so ki ce a bar shi ya huta. Kada ki ce. 'Yar tafiyar da za a riƙa sa shi yi ita take hana jini daskarewa a ƙafa. Ya fara koyon zuƙar tun yanzu.

A kwana na biyu ko na uku zuciya takan rikice da bugu barkatai. Wajen mutum ɗaya cikin uku ko huɗu yana samun haka bayan aikin, masu ƙiba sun fi. Yawanci magani yana daidaita shi, kada ki firgita in kin ji.

Hajiya Magajiya: Ni fa akwai abin da yake ci mini rai tun ɗazu. Yanzu duk laifin a kan mai jiki ake ɗorawa? Mu muka taso in amarya ta yi wata uku ba ta cika ba, a ce mijin ba ya riƙe ta da kyau. Namiji in ya rame a ce matarsa ba ta iya girki ba, ko a fara raɗa cewa wani ciwo ne. Yarinyar nan shekara talatin tana tuƙa masa tuwo don a ce ta iya, yau kuma a ce tuwon ne ya kai shi?

Anti Nas: Hajiya, ku gafarce ni in maganata ta yi kama da zargi. Ba laifin Yaya ba ne, ba nasa ba ne. Abin ya game ƙasa: binciken lafiya na 2022 ya nuna rabin matan Ghana 'yan shekara 20 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima. Iyayenmu sun ci tuwo sun tafi gona da ƙafa, mu mun ci mun hau pragya, babur mai ƙafa uku. Abin da nake roƙo, tunda ku ake jin maganarku a wajen aure da suna, ku tsawata a kan ƙwayoyin ƙiba da ake ba 'yan mata. Wasu dexamethasone ne, yana kumbura fuska, ya tayar da suga da hawan jini, ya hana miki warkewa. Ina ganinsu a gadon asibiti.

Hajiya Magajiya: Wannan kam na sani, kuma na sha faɗa. Amma maganar rama sai a hankali, ba a sauke ta rana ɗaya.

Alhaji Mai Shanu: To ni na janye maganar ɗagewa, tunda masu abin sun yi bayani. Da na tuna, nawa sugan 14 yake kaiwa da safe lokacin da na tafi, ban kuma faɗa wa kowa ba. Amma 'yar'uwa ki ji na gida daga bakin wanda ya gani. Ki sama masa ƙaramin filo ya riƙa rungumewa in zai yi tari ko atishawa. Kada ya ɗauki bokitin wanka, ko jika kada a miƙa masa. Kada ya dafa hannu ya yunƙura daga tabarma, ki nemo kujera mai tsayi, bayan gida ma na zama. Kullum bayan wanka ki ɗaga naɗin cikin ki goge shi ya bushe, ki duba ɗinkin da idonki da hasken rana. Ja, kumburi, ruwa, wari, zazzaɓi, ko ƙashi ya yi ƙara, ranar ku koma. Kada ki biye masa in ya ce gumi ne.

Sai 'yan dubiya. Kowa zai zo da Malta da madarar gwangwani da fura mai suga, a ce ya sha ya mayar da jini. Ki karɓa ki yi godiya ki ba yara.

Maman Ramatu: Sallah fa? Mutumin da ko yana zazzaɓi sai ya je masallaci.

Malam Sani Ticha: Nan kam fagena ne. Hadisin Imrana ɗan Husaini yana cikin Bukhari: ka yi salla a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kan gefenka. Ya zauna a kujera ya yi nuni, sallarsa ta cika. In ya ƙi ji daga bakinki ki kira ni, zan zo da kaina.

Ɗan Sawaba: Na bar maganar shayi, Anti. Kuɗin fa, inshorar lafiya tana biya?

Anti Nas: Katin NHIS bai ɗauki aikin zuciya irin wannan ba. Cibiyar zuciya ta asibitin Korle Bu a Accra, wadda Farfesa Frimpong-Boateng ya kafa a 1989, ta daɗe tana aiki da Ghana Heart Foundation wajen tallafa wa marasa lafiya. Yaya ki tambayi ofishin walwala na asibitin, ki kuma tambayi asusun tallafin jinya na MahamaCares da aka buɗe a 2025. Za a nemi masu ba da jini ma, gara a haɗa su tun yanzu.

Ɗan Sawaba: A rubuta ni na farko. Zan kawo mutum uku daga bes ɗinmu, wato majalisar da muke zama.

Maman Ramatu: Jama'a Allah Ya saka da alheri. Na karanta masa duka, na Baba Alhaji har sau biyu ya ce in maimaita. Ya ci tuwo ɗan madaidaici da miyar ayoyo da kifi. Na duba takardunsa, HbA1c ɗin 9.4 ne, gobe da sassafe za mu koma wajen likitan suga. Yayansa bai sauko ba tukuna, ya ce sai ya ji daga bakin mai aikin, to ranar Alhamis tare za mu tafi Accra da shi. Abin da ya rage mini, in an sallame shi ban san yadda zai jure hanyar Kumasi ba.

Dokta: Kada ku yi gaggawar hawa hanya, ku bari sai an duba ɗinkin karo na farko. In za ku taho, ƙaramar mota, filo tsakanin ƙirji da bel, ku riƙa tsayawa duk bayan awa ɗaya ya taka ƙafa.

Hajiya Magajiya: Ƙanwata tana Sabon Zongo na Accra, kusa da asibitin, tana da ɗaki a ƙasa ba hawa bene. Yanzu na gama magana da ita, ta ce ku zo ku zauna har ya yi ƙwari. Zan turo miki lambarta ta gefe. Ki tafi da kujerar roba mai hannu, ta ce nata duk gajeru ne.